Wutar da ke Cikin Ganyen Gyaɗa

Turakun lantarki sun iso garinmu
shekarar da aka yaye Sahura.
Har yau ba waya a kansu,
sai hankaki, sai tallar maganin shawara.

Bana ta zo hutu daga Dutse
da akwati kamar ƙaramar rediyo,
allura kwance a fuskarsa,
wayoyi biyu, siraran gemun masara.

Ta biyo ni gona, bayan Auyo.
Ta durƙusa gaban gyaɗa kamar mai gaida suruka,
waya ɗaya a ganye, ɗaya a danshin kunya,
ta kife ƙwaryar furata a kai.
Ta ce, Baba, jira.

Na jira har na gama kunya uku.
Ta ɗaga ƙwarya.
Hantsi ya faɗa kan ganyen,
allura ta zabura,
ta ja baya kamar akuya a bakin rafi,
sannan ta hau, sannu sannu.

Na ce, wa ya taɓa ta?
Ta ce, haske.

Wai ganye gari ne mai ɗakuna dubbai
da ido bai isa gani ba,
kowane ɗaki da dangarsa,
ta fi ɓawon albasa rashin kauri,
a jikin dangar ƙofofi.
Gishiri irin na ruwan toka
yana shiga, yana fita,
kowace ƙwaya da ɗan guzurin wutarta.
In rana ta yi sallama, masu tsaron ƙofa su tashi,
a tura wasu waje, a bar wasu ciki,
ciki da waje su sha bamban.
Ratar nan allura take ji.

Ban kama rabi ba.
Amma shekara hamsin ina ganin gyaɗa
tana haɗa tafuka da almuru,
ta buɗe su in gari ya waye.
Na ce barci ne, na wuce.
Ban taɓa tambaya ba.

Da dare tocila ta mace mini a hanyar masallaci.
Na dafa turke, sanyi ƙalau, ba komai cikinsa.
Can bayan gari kadada biyu
ta naɗe hannu tana jiran asuba.

Sahura ta koma ranar kasuwar Hadeja,
ta tafi da akwatinta.
Jiya, da na duba ba kowa,
na cire hula na rufe ganye ɗaya,
na ƙirga ɗari,
na ɗaga,
na kai kunnena kusa.