Lamba Goma Sha Bakwai

Ruwan Ikko ne ya koro mu ciki,
ni da Tasalla, jakar makaranta bisa kanta.
Ɗakin tarihi na ƙaramar hukuma,
can bayan tashar jirgin Agege,
fanka ɗaya ke juyi, biyu sun yi ritaya.
Mai gadi ya karɓi ɗari biyu,
ya kunna fitila saboda mu.

Ga ƙararrawar tasha, harshenta ya faɗi.
Ga wuri cikin kwalba,
kuɗin da ya mutu bai bar magaji ba.
Ga filafilin kwalekwale da gishiri ya ci wa baki,
ga dutsen guga na gawayi, zakara bisa murfinsa,
Tasalla ta ce, "Wannan ma tarihi ne?
Ai akwai irinsa a ƙarƙashin gadonmu."

Sai akwatin gilashi na kusurwa.
Huhun goro, ganyen ya koma launin ƙasa,
wuƙa mai ƙotar icce,
tikitin jirgi, aji na uku, rana ta lashe tawadarsa.
A ƙasa an buga da tafireta:
kayan wani ɗan kasuwa daga Arewa,
ba a san sunansa ba.

Na san tabon da ke jikin ƙotar nan.
Haƙorana ne.
A cinyarsa na cije ta, ina wata bakwai,
ya riƙa nuna wa mutane kamar lambar yabo.

Jatau ne sunansa.
Ya sauka nan da takalmi a hannu don kada ya lalace.
A gonakin goro ya tsinci Yarbanci,
yana ciniki da shi, yana faɗa da shi,
bashin kasuwa duk a kansa, ba littafi.
Shekara hamsin da ɗaya a Agege,
ƙasar nan ce ta rufe shi,
amma takarda ta ce daga Arewa,
kamar jiya ya zo, gobe zai koma.

Madam Morenike ta ce in rubuto wasiƙa,
kwamiti na zama bayan damina.

Tasalla ba ta jira kwamiti ba.
Ta hura wa gilashin numfashi,
ta ja harafi biyar da ɗan yatsa.
Muka tsaya muna kallo
har wasalin ƙarshe ya bushe.

A waje ruwa ya ɗauke,
kwandasta na ta kiran Oshodi.