Inda Allura Ke Tsalle

A Otaru, bayan rumbunan kifi,
inda dusar ƙanƙara kan toshe ƙofa sai an sa shebur,
Kinuyo na da shago mai kujera shida
da jar fitila ɗaya wadda ta gaji da ja.
Ni ne na kujerar ƙarshe, jikin bango.
Shekara arba'in da ɗaya, ban sake wuri ba.

Faifan ɗan ƙarami ne, baƙi wuluk.
A jikin kwalinsa yarinya ce mai tulin gashi,
ta yi tagumi, tana kallon wani wanda ba mu ba.
Shekarar da ya fito, ko'ina ita ce:
rediyon mai aski, gidan wanka,
bakin matan da ke gyaran kifi da sanyin asuba,
har direban tasi kan sassauta in an zo amshi.
Lokacin albashi na hawa, mu ma muna hawa.
Muka sayi talabijin, muka sayi firji,
bashi bai hana kowa barci ba.

Sai dai faifan Kinuyo yana da tabo.
An ce daren da Shigeharu ya hau jirgin ruwa
da akwati ɗaya da alkawari goma,
hannunta ya yi rawa, allura ta karce shi.
Tun ran nan, in yarinyar ta kai
"in ƙanƙara ta narke, sai ka..."
ƙas!
allura ta yi tsalle, ta dira cikin kukan ƙaho.
Kalma guda ta faɗa rami.
Mu kuwa muka cike ramin da bakinmu:
"Dawo!"
Mu shida, muna dukan katako, kofuna na rawa.
Tokuji mai walda ya fi kowa murya,
shi da ko sunan matarsa ba ya faɗa da ƙarfi.

Shida ta koma huɗu, huɗu ta koma biyu.
Kujerar Tokuji yanzu tukunyar fure ce a kai.

Jiya jikar maƙwabciya ta shigo kakkaɓe takalmi,
ta ji waƙar, ta zaro ido:
ai wannan ta dawo yayi,
har a ƙasashen da ba su jin ko kalma ɗaya suna rawarta!
Ta ciro waya, ta latsa.
Sai ga muryar nan tas, ba ƙura, ba tari,
kamar ba ta taɓa kwana a ɗakin hayaƙin taba ba.
Na buɗe baki in yi aikina.
Yarinyar cikin waya ta riga ni:
"in ƙanƙara ta narke, sai ka manta."

Manta.

Na tsaya da bakina a buɗe kamar kifin kan tire.
Ashe na taɓa sani. Tabbas na sani,
na rera ta haka a kan keke, ina ɗan ashirin.
Yaushe ta zube daga aljihuna?

Kinuyo ba ta ɗago ba, tana goge kofi.
Ta ce, "Kai ma ka yarda hannuna rawa ya yi?
Sau uku na ja allurar kafin ta ci."

Yarinya ta kashe waya, ta ba da haƙuri, ta fita.
Iska ta shigo, ta zagaya, ta bi ta.
Ina da magana a bakina mai shekara arba'in da ɗaya,
na juya ta, na juya ta, ta yi laushi kamar tsohon kuɗi.
Na ce, "Ƙara sa mana."

Ta hure faifan, ta ɗora.
Ƙas.
Ban ce komai ba. Ita ma haka.
Muka bar ramin a buɗe,
ƙaho ya yi kukansa shi kaɗai,
a waje kuma mai shebur ya fara aiki.