Ɗakin Baya

Ran Litinin Darakta ya kira ni,
Ya ajiye mabuɗi mai tsatsa a tafina,
Ya ce, "Kulu, ɗakin baya naki ne,
Fayil ɗin 'yan fansho, dubu huɗu da 'yan kai,
Kwana arba'in." Bai ko ɗago kai ba.

Na tura ƙofa, wari ya tarbe ni,
Kashin jemage da ruwan damina uku
Da ya bi ta silin ya kwanta kan sunaye.
Gara ta cinye rabin Gwadabawa,
Ta haura Tangaza ta yi gini,
Ɓera bai bar wa Boɗinga bango ba.

Na tsaya da biro ina lissafi,
Zufa na bin bayana, fanka ta mutu.
Ɗari a yini, har Asabar da Lahadi,
Hannu biyu, ga goyo na jira a gida.
Na juya shi, na sake juyawa,
Lissafin bai fita ba.

Arzika masinja ya leƙo yana dariya:
"Wanga ɗaki ya ga mutum huɗu kahin ke.
Ki jera na sama, ki share daɓe,
Ki ƙona turare ranar da za a duba.
Manya da ido suka zuwa,
Ba su taɓa zuwa da hannu ba."

Akanta kuwa cewa ya yi in bi haruffa,
Tsarin boko ke nan, kowa ya jira layinsa.
Na bi. Kwana biyu cur
Ina Abubakar, Abubakar, Abubakar,
Na wuce ɗari biyu,
Ban fita daga Abubakar ba.

Daren Laraba na rubuta takardar neman hutu,
Na ninke ta huɗu, na tura ƙasan jaka.
Na ce ciwon baya. Ƙarya ce rabi.
Har aka kira asalatu ban runtsa ba.

Da safe sai na bi ta gindin dogonyaro,
Wurin bencin nan da nake wucewa kullum
Ina gaisuwa da baki, idona kan agogo.
Wani dattijo ya dafa sanda ya miƙe:
"Ɗiyata, ke ta aka ba ɗakin?
Modi Jabbi nike, daga Wurno,
Talatin da biyar na yi ina gyaran hwamho.
Shekara bakwai kowace Alhamis ina nan.
Ƙahwahu sunka gaji, ni ban gaji ba."

Kusa da shi wata mata da ledar burodi,
Lambar mijinta a ciki, an rubuta da fensir.
Ta miƙo min ita da hannu biyu,
Ba ta ce komai ba.

A nan na zauna, kan benci, da littafina.
Sha tara ne ranar. Na rubuta kowa,
Suna da gari da shekarar barin aiki,
Wanda ya fi tsufa shi ne a sama.
Na koma ɗaki da sunaye sha tara,
Ban koma da dubu huɗu ba.

Na Modi sai Juma'a na gano shi,
Ya shige cikin Illela, a jiƙe,
Shafi na uku ya manne da na huɗu.
Na shanya shi a taga, na danne da dutse,
Na raba su da reza, ina riƙe numfashi,
Hatimin bai goge ba.

Yau kwana tara. Ɗari uku da sha biyu.
Gobe zan shiga wurin Darakta da littafin,
In roƙi mutum biyu da fanka da kanta,
In faɗa masa arba'in ba za ta isa ba.

Takardar hutun na nan a jaka,
Jiya na rubuta lambar wayar matar a bayanta.
Arzika ya kawo tsintsiya da kansa,
Ya tsaya yana karanto min sunaye,
Ban roƙe shi ba.