Mai Rini

Sunansa a bakinmu Saperavi, wato mai rini.
Sauran inabi a fata launinsu ya tsaya,
ɓare su ka ga ciki fari kamar ba su ba.
Shi kuwa ja ne har tsoka.
Latsa ƙwaya ɗaya, yatsarka ta sha lalle kwana uku.

Ina shekara tara Baba ya ɗaura mini igiya a ƙugu,
ya zura ni cikin randar da kakansa ya binne
har wuya a ƙasan ɗaki,
don ni ce siririyar gidan.
"Goge, Lamara. Randa mai dauɗa ba ta yafiya."
Ina gogewa da ɓawon itacen ceri, ina waƙa don tsoro,
muryata na dawo mini irin ta tsofaffi,
can sama bakin randa kamar farin wata,
kan Baba a tsakiya.

In kaka ta yi, mu tattake a kwamin katako,
ƙafa jajur har gwiwa, zanzaro na shawagi.
A juye duka, ruwa da ɓawo da ƙwaya,
sai ta kama tafasa ba wuta ba murhu.
Dare ya raba, kana jin ta ƙarƙashin ƙasa tana gunaguni
kamar tsohuwa mai lissafin bashi.

Bara ƙanƙara ta sauko daga duwatsun Kafkas
saura mako uku girbi.
Minti goma. Rabin gona ta kwanta.
Baba ya bi layi-layi yana tsintar abin da ya tsira,
bai ce uffan ba.
Randa ɗaya ya cika, inda muka saba cika huɗu.
Ya ɗora faifan dutse, ya shafe da yumɓu,
ya danna babban yatsansa a gefe, yadda ya saba.
A Janairu muka kai shi makwanci
bayan coci, kan tudun da ke hangen kogin Alazani.

Gocha ƙanena ya bugo waya daga Atina
inda yake yi wa mutane fentin gidaje:
wai kamfani na son gonar,
za su tuge tsofaffin kurangu su dasa irin waje.
Na ce zan yi tunani.
Ban yi ba.

Yau na kankare yumɓun da wuƙar yankan reshe.
Ɓallin da ke da zanen yatsa na sa a aljihu.
Da dutse ya gusa, ƙamshi ya taso,
jiƙaƙƙiyar ƙasa, hayaƙi, tsohuwar fatar sirdi.
Na zura ludayin duma.
Baƙa ce wuluk, sai ka ɗaga kofi ga rana
ka ga jan ya laɓe a gefe.
Bauri ya riƙe harshe, tsami na biye,
ba ta sakin fuska ga baƙo
sai an shekara biyar ana gaisawa.
Halin Baba sak.

Maƙwabcinmu Tariel ya shigo da ƙahonsa.
Kafin ya sha ya ɗiga kaɗan kan burodi, rabon waɗanda suka riga mu,
ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba,
sannan ya ce, "Shalva ya yi rowar ruwa, amma bai yi ƙarya ba."
Ya goge gashin baki da hannun riga,
rigar ta tashi aiki.

Randa uku na can wayam suna jiran wanki,
ni kuwa ƙuguna ya daina shiga bakinsu tun tuni.
Ɗiyar Gocha za ta zo hutu a Yuli.
Shekararta tara, harshenmu a karkace yake a bakinta,
an ce tana tsoron duhu.
Igiyar na nan a ƙusa.
Na duba ta jiya, ba inda ta ci.