Mai Yankan Harshe

Ina 'yar shekara tara a Henningsvær
aka damƙa mini wuƙa.
Watan Maris, sanyi har cikin ɓargo,
kawunan kifin kod jibge a baho,
idanu a sama kamar masu jiran amsa.
A caka kai a tsinken ƙarfe ta ƙarƙashin haɓa,
a ja, a yanka sau ɗaya:
kai ya faɗi, harshe ya tsaya.
Ragnvald ke auna mana a sikeli,
lofe a gefen baki, ba ya ƙara ko kurona.
Shi ya ce mini: "Oddrun, abin nan da kike tarawa
ba harshe ne zalla ba,
rabinsa shimfiɗar da harshe ke kwana a kai ce."

Shekara talatin da ɗaya bayan nan,
Tromsø, ɗakin tiyata, fitila ta fi rana fari,
ranar da ba ta leƙo mu ba tun Nuwamba.
Ragnvald ne kwance, baki a wangale.
Na soka zare a tsinin harshensa, na ɗaga.

Ga ɗakin da ba a kai baƙo.
Linzami a tsakiya, siriri, a tsaye,
dama da hagunsa idon ruwa biyu
inda yawu ke tsattsafowa ba dare ba rana.
Jijiyoyi shuɗɗa biyu sun gangara
kamar rafuka a taswira.
Can hagu, jingine da dasashi,
ga abin da ya kawo mu:
ƙari, fari-fari, da taurin ɗanyar gyaɗa,
daidai inda hayaƙin lofe ya yi shekara hamsin yana sauka.

Ana cewa harshe ba shi da ƙashi.
Gaskiya ne, amma yana da dangi.
Tsoka takwas: huɗu 'yan gida,
su ke naɗe shi, su baje shi, su fiƙe shi;
huɗu daga nesa suka riƙo shi,
ɗaya daga haɓa, ɗaya daga ganɗa,
ɗaya daga gindin kunne,
ɗaya daga ɗan ƙashin wuyan nan
da bai jingina da wani ƙashi ba duk rayuwarsa.
Ƙarƙashinsu wata tsoka a ɗaure muƙamuƙi zuwa muƙamuƙi
kamar ragar da aka shanya tsakanin turaku.

A nan hannuna ya rage gudu.
Jijiyar ji ta zagayo bututun yawu ta ƙasa,
fara, kamar zaren da aka manta a ɗinki.
A cikinta gishirin teku yake,
da zafin kofi, da ƙayar kifi da ta maƙale.
Can ciki kuma jijiyar motsi.
In aska ta taɓa ta,
gobe harshe zai fito a karkace,
yana nuna ɓangaren da aka cuce shi.
Harshe ba ya rufa wa likita asiri.

Da muka cire, rami ya rage.
Muka yanko fata daga saman tsintsiyar hannunsa,
hannun da ya ja taru har ya yi kanta,
muka shimfiɗa ta a ƙasan bakinsa,
muka haɗa jijiya da jijiya da zaren da ido ba ya gani.
Awa tara. Ƙafafuna suka manta da ni.

Kwana goma sha biyu bai ce uffan ba.
Ran sha uku na shiga da safe,
ya yafito ni, ya haɗiyi yawu da ƙyar.
Sunansa ma ya gagare shi,
harafin farko ya maƙale a ɗinki.
Ya bar sunan, ya tambaya:
"Nawa ya auna?"
Na ce, "Giram goma sha huɗu."
Ya dubi taga, ya dubi hannuna.
"Bai kai kurona ba," in ji shi.