Talatin da Ɗaya

Talatin da ɗaya ne nawa.
Ban haife su ba, amma ni ke ƙirga su da safe
a ƙofar Santa Rita, nan Tagbilaran,
inda iskar teku ke cin ƙarfen ƙyaure.

Manong Eleuterio na tsakiyar titi,
jar tuta a hannu, usur a baki,
babura masu ƙafa uku sun yi cirko-cirko
sai autar yara ta ƙetare.
Shekara goma sha tara yana wannan tsayuwa.
Gwiwa ta gaji, usur bai gaji ba.

Ƙararrawa, sahu, addu'a.
"Ubanmu wanda ke cikin sama,"
wani da hamma, wani da shinkafa a kumatu.
Perpetua ta manta takalmin wasa.
Isidro ya zo da buzuzu a kwalin ashana.
Lualhati ba ta shiri da gyaɗa, ko ƙamshinta,
allurarta na aljihuna na hagu,
ina lalubar ta kamar mai jan carbi.

Duk Laraba Sista Amparo kan buga ƙarfe sau uku
mu yi gwajin girgizar ƙasa:
durƙusa, shige ƙarƙashin tebur, riƙe ƙafarsa.
Su dariya suke yi.
Ni ma, ba na ɓoyewa, agogo nake kallo.

Ran da ta zo ba Laraba ba ce.
Litinin, muna tsakar lissafi,
bakwai sau takwas,
sai allo ya goce ya bar alli a iska.
Gicciyen bango ya karkace.
Tagogi na kaɗa haƙora.
Yawu ya ƙafe mini, ban ce uffan ba,
amma da na waiwaya babu kai ko ɗaya a sama,
sai ƙananan hannuwa a ƙafafun tebura.
Ashe dariyar nan karatu ce.

Da ƙasa ta lafa muka fita fili,
nesa da bango, nesa da bishiyar kwakwa.
Ashirin da tara. Talatin.
Na sake, ina dafa kowane kai.
Talatin.

Wanda bai taɓa ƙirga 'ya'yan mutane ya ga giɓi ba
bai san nauyin ɗaya ba.

Fermin.
Ni na ba shi izinin fita fitsari.
Ni, da bakina.

Na tashi zan koma, Sista ta cafke mini hannu:
"Talatin ɗin fa, wa za ki bar wa?"
Sai ga Manong daga ɗakin addu'a, yana ɗingishi,
yaro a kafaɗa kamar buhun shinkafa.

"Kyandir ɗin gaban Maryamu yana ci, Malama.
Ke kika ce wuta kan biyo girgiza."
Ya nuna mini yatsu biyu, kakin ya daskare a kai.

Na yi masa faɗa har muryata ta dushe,
sannan na lura tun ɗazu ina rungume da shi.

Iyaye suka zo, kowa ya sa hannu a littafi
kafin ya ɗauki nasa.
Kakar Fermin ce ta ƙarshe, daga kasuwar kifi,
silifa ɗaya a ƙafa, ɗayan ya ɓace a hanya.

Yanzu kyandir ɗin gaban Maryamu na batir ne,
Fada ya yi ƙorafi, Sista ba ta tanka ba.
Mai fita fitsari kuma sai da abokin tafiya.

Ran Alhamis aka buɗe makaranta.
Tsaga a bango, siririya kamar gashi.
Bakwai sau takwas na nan a allo, ba amsa.
Isidro ya ɗaga hannu: "Hamsin da huɗu."
Ba daidai ba ne.
Na ce ya dakata tukuna,
ban gama ƙirga su ba.