Sawun Kare a Kan Tubali

Na dawo hutu daga Marwa
da littafin aro mai nauyin dutsen niƙa,
tarihin Rumawan dauri.
Na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya,
bakin Lagon, inda Baba ke buga jan tubali.

Sati biyu ina haddar sarakuna:
wane ya soke wane a zauren shawara,
wane ya sha guba a hannun na jikinsa.
Shekarunsu na farko da baya-baya suke tafiya
kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa.
Lissafinsu ko sifiri babu,
sai sanduna a jere,
irin na mai shayi yana zana bashi a bango.

Na ce, Baba, mutanen nan
sun ɗora ruwa a kan gada,
sun koro shi cikin birni kamar garke.
Bai ɗago ba.
Ya ce, "Miƙo min bokitin can, Azumi."
Na ce sun shimfiɗa hanyoyi,
shekara dubu biyu, har yau ana takawa.
Ya ce, "A ba su ta Mora su gwada."
Yaran aiki suka bushe da dariya,
ni kuwa na haɗiye sauran.

Ran nan da hantsi iska ta buɗe wani shafi.
Hoto ne, ɗan ƙarami, can ƙasa:
guntun tubalin rufi, ja,
da sawun kare a tsakiyarsa.
Baba ya zo shan ruwa, ya tsaya.
Ya goge hannu a wando har sau biyu,
ya karɓi littafin,
shi da bai san baƙi ko ɗaya na boko ba.

"Wannan ɗanye ne aka taka shi.
Dubi zurfin. Bai sha iska ba tukuna.
Karen kuma gudu yake,
kin ga farce ya nutse, ya ja gefe?
Jifa aka kai masa.
Mai aikin ya yi ashar, ko shakka babu,
ya duba hagu, ya duba dama,
ya tura shi wuta a haka,
don ƙirge ake karɓa, ba a karɓar uzuri."

Ya yi shiru. Ya kai hoton kusa da ido.
"Ya iya kwaɓi. Babu tsaga ko ɗaya.
Ya sunansa?"

Na bi jerin sunaye na bayan littafi,
na bi ƙananan rubutun gindin shafi.
Kaisar wane, shafi arba'in.
Kaisar wane, da dokinsa, da matarsa, da ciwon da ya ci shi.
Mai tubali, bawa ne ko ɗa,
gajere ko dogo,
ko yana da 'ya mai zama a inuwa tana karatu,
littafin bai ce ba.

"To," in ji Baba. Ya koma ramin yumɓu.

Da magariba aka hura wutar gashi.
Fitilun Injamena suka kunnu a ƙetare,
na waiwaya na dubi Kusiri:
katanga bayan katanga,
an shafe su da siminti, an yi fenti,
an rubuta sunan masu gida a ƙofa.
Ni na san abin da ke ƙarƙashi.

A jarrabawa aka ce mu kawo
dalilan faɗuwar daular Rum.
Na kawo biyar, na ci.
Ranar mayar da littafi
mai ɗakin karatu ya buɗa, ya ɓata rai:
shafi na ɗari biyu da sha ɗaya,
kusa da sawun karen,
ga babban yatsan Baba da jan yumɓu,
zanensa ya fito ɗaya bayan ɗaya.
Ya ɗauko tsumma.
Na ce, Malam, bari.
Nawa ne tarar?